Bayan Gini Mai Agogo

Tun da na dawo daga Amurka mutanen majalisarmu ta Tudun Wada ba su bar ni na sha shayi da daɗin rai ba. Wannan ya tambaye ni ko da gaske ne ba a ganin akuya a titi, wancan ya ce in faɗa masa tsayin gidajensu, kamar da igiyar awo na tafi. Alhaji Ummaru kuwa, wanda bai taɓa wuce Gusau ba, shi ke gyara mini labari in na fara. Na gaji da bayarwa gutsure-gutsure. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya karanta ya huta, ni ma in huta. Sai dai in faɗa tun farko, mai neman labarin dogayen benaye ya nemi wani matafiyin, don ni kabari na je nema.

Ni likitan dabbobi ne mai ritaya, kuma ba na son tafiya. 'Yata Luba tana aikin jinya a can tare da mijinta, ta daɗe tana roƙona in je, ina ce mata gwiwa. Ta haihu, uwarta ta je ta dawo, ni dai ina nan da gwiwata. Wanda ya tayar da ni mahaifina ne.

Baba, Alhaji Mode, yana gidanmu na gado a Ƙofar Rini. Ya doshi casa'in, idonsa ya tafi, amma kansa garau yake. A shekarun farko bayan 'yancin kai an tura shi karatun noma a Amurka, shi da ɗan baffansa Attahiru, wanda suka tashi ɗaki ɗaya. Makarantar da aka kai su tana kudancin ƙasar, tana cikin waɗanda aka kafa wa baƙaƙen fata bayan an 'yanta bayi, lokacin da makarantun Turawa ba sa karɓarsu. Ranar tafiya mahaifiyar Attahiru, Inna Jumma, ta kama hannun ɗanta ta sa cikin na Baba, don shi ne babba. Su biyu suka tafi, Baba ya dawo shi kaɗai. Sanyin shekara ta biyu ne ya kama Attahiru a haƙarƙari, ya rasu, aka binne shi a can.

Abin da ya rage na Attahiru a gidanmu katuna ne, irin na da, waɗanda ake aikowa ta gidan waya babu ambulan, hoto a gaba, rubutu a baya. Kowanne hoton wani gini ne na makarantar. Akwai ɗakin karatu mai fararen ginshiƙai, akwai gidan kwanan ɗalibai, akwai ɗakin shanu da ya fi gidan wani hakimin kyau, sai kuma wani babban gini na jan bulo mai hasumiya da agogo. Launin da hannu aka ƙara shi, sama ta yi shuɗi fiye da kima, ciyawa shar, kuma babu mutum ko ɗaya a ciki. A baya Attahiru ya yi 'yan layuka da ajami, gaisuwa ce da kukan sanyi da a gaida wane. Inna Jumma ta adana su cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwanta. Da ta ga hasumiyar sai ta ɗauka masallaci ne. Da aka gaya mata a bayan ginin nan aka binne ɗanta, ta ce alhamdu lillahi, ko ba komai yana jin kiran salla. Ba wanda ya iya gyara mata har ta rasu, katunan suka koma hannun Baba.

Baba bai taɓa ba mu labarin jana'izar ba, mu kuma ba mu taɓa tambaya ba. Mun dai san in yana addu'a bayan salla yana jera mamatan gida, sunan Attahiru ne na ƙarshe, kuma a nan yake daɗewa. Ranar da ya ji a bakin uwar Luba cewa garinsu da makarantar tafiyar mota ce, ya aika aka kira ni.

"Bello, ka san Attahiru amana na anka ba ni," ya ce. "Tun randa nib baro shi, babu wanda yat tsaya bisa kainai daga gidan ga. In nim mutu babu sauran wanda yas san inda shike. Ka tai ka ishe shi, ka yi mai sallama, ka hwaɗa mai Inna ta riga mu."

Na tambaye shi alama. Ya ce babu alama, irin namu ya yi, ba dutse ba suna, reshe kawai ya kafa. Amma in na ba ginin agogo baya na gangara zan ga maƙabarta. Kaburburansu duk sun jeru fuska ɗaya, na Attahiru ne kaɗai ya gitta musu, don gabas ya fuskantar da shi. A maƙabartarmu ta nan ma, kabari in damina biyu ta bi ta kansa sai an yi gardama kafin a gane shi, balle wanda ya fi ni shekaru. Amma ba a faɗa wa Baba haka. Na karɓi katunan na ce to.

Biza ta kai ni Abuja, ta hanyar nan da yanzu ba a shigarta sai da addu'a. Direbanmu bai yarda ya tsaya ba sai inda ya ga sojoji, ko da wani tsoho ya yi ta roƙon fitsari tun daga Tsafe. Na tara takardu tuli guda kamar mai zuwa kotu, har da shaidar allurar shanu da na taɓa jagoranta, don ban san me za a nema ba. Matar da ke bayan gilashi ba ta dubi ko ɗaya ba. Ta yi mini 'yan tambayoyi, ta karɓe fasfo, ta ce an ba ni, in tafi. Na fito ina jin haushin takarduna.

Jirgin ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Kujera ce da aka auna da ƙafar yaro, da abinci cikin 'yan gwangwanaye kamar na majinyaci. Abin da zan ba ku labari shi ne sauka. Muna jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogon kunne, har da rigarsa ta aiki, yana bin jakunkuna yana sansana. Ya wuce na kowa, ya zo gaban tawa ya zauna. Na yi rayuwata ina duba karnukan mutane, ranar nan kare ya duba ni, kuma ya kama ni. Kilishi ne uwar Luba ta naɗe cikin zane ta cusa ƙasan jaka ba ta gaya mini ba.

Jami'in da ya buɗe jakar baƙar fata ne, furfura ta fara masa a gefe. Ya yi mini bayani cikin ladabi cewa nama ba ya shiga ƙasarsu, ya ɗauke kilishin. Sai hannunsa ya kai kan katunan. Ya zaro na ginin agogo, ya riƙe shi ta gefe-gefe kamar kada ya ji masa ciwo, ya daɗe yana kallo. Ya ce kakarsa irin wannan makarantar ta yi, kuma tana da irin katin nan a bangon ɗakinta, ba mai taɓawa. Ya tambaye ni wa nake da shi a can. Na ce baffana, amma ya daɗe da rasuwa, kabarinsa na zo nema. Ya mayar da katin da kansa, ya ce yana fatan in same shi. Kilishin dai bai dawo ba.

Gidan Luba yana cikin wani bene mai ƙofofi da yawa, duk a rufe. Na ga jikata, na yi mata addu'a, na ji daɗi ƙwarai. Amma zaman ya dame ni. Washegari na gamu da maƙwabcinsu a matakala, na tsaya na gaishe shi yadda ake gaisuwa, na tambayi iyali da aiki da gajiya. Mutumin ya ja da baya yana dubana kamar zan sayar masa da wani abu. Luba ta ce a nan ba a tambayar iyalin mutum sai an saba. Na tambaye ta wa ya zo mata barka da ta haihu, ta lissafa mutanen da ba su cika hannu ɗaya ba. Na tausaya mata.

Ita ta tuƙa ni zuwa makarantar, mijinta ya zauna da jaririya, har da goyo a ƙirji, abin da zan so Alhaji Ummaru ya gani da idonsa. Hanya ce doguwa mai santsi, itatuwa dama da hagu, da ƙananan coci-coci na katako kusan kowane ƙauye. Can muka fara wuce gonakin auduga da aka riga aka girbe, ragowar fari-fari a kan kara kamar wajen Funtuwa. Na ce wa Luba ashe su ma suna noman auduga. Ta ce, "Baba, ai don ita aka kawo bayi nan."

Mun sauka a wani ƙaramin otal bakin hanya. Da safe suka ba mu wani farin tsakin masara, ba yaji ba miya, kamar an fara tuwo an fasa. A gidan abincin da muka shiga da rana kuwa raina ya yi fari, don na ga wake mai baƙin ido, ga kuɓewa, ga dafaffen ganye kamar na gida. Har na miƙa faranti, Luba ta tambayi mai abincin da me aka dafa ganyen. Ta ce da naman alade, waken ma haka. Na koma kan burodi da kifi ina kallon kuɓewa daga nesa.

Makarantar tana kan tudu. Mun shiga muka tarar da ita cike da samari da 'yan mata, kusan duka baƙaƙe, suna ta kai da kawo da littattafai da dariya. Na fito da katunan ina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa da abin da ke gabana. Ɗakin karatu yana nan da ginshiƙansa, sai dai bai kai girman da na ba shi a raina tun ina yaro ba, kuma 'yan itatuwan da ke cikin hoton sun zama manya sun rufe masa fuska. Gidan kwanan ya koma ofisoshi. Ɗakin shanu babu shi. Wannan bai dame ni ba, hasumiya nake nema. Muka zaga makarantar har gwiwar da nake ƙarya da ita ta fara ciwon gaske, babu hasumiya babu agogo. Na nuna wa ɗalibai katin, suka yi ta sha'awarsa suna ɗaukar hotonsa da waya, amma ba wanda ya taɓa ganin ginin. Duk kwatancen Baba a kan ginin nan ya rataya, in babu shi ban san abin da zan ba baya ba.

Wani malami ne ya tura mu ɗakin adana tarihi, a ƙasan ɗakin karatu. Matar da ke kula da wurin, mai tabarau rataye da igiya, sai da ta sa fararen safar hannu kafin ta taɓa katunan, katunan da muka yi ta wasa da su da hannun miya muna yara. Na ji kunya kaɗan. Ta fito da akwati cike da irinsu, na wannan makaranta da na wasu 'yan uwanta, ta baje su a tebur. Gini bayan gini, duk da shuɗiyar samar nan, yawancinsu ba kowa a ciki. Na tambaye ta me ya sa gine-gine kawai, ina mutanen. Ta ce a wancan zamanin in an buga hoton baƙar fata a kati, yawanci don a yi masa dariya ne. Su kuwa waɗannan makarantu gini suke nunawa, don wanda katin ya bi ta hannunsa, tun daga ma'aikacin gidan waya, ya ga abin da 'ya'yan bayi suka tsayar. Ta ce ginin agogon nan ɗaliban farko ne suka yi shi da hannunsu. Su suka haƙo yumɓu a bakin rafi, suka buga bulo, suka gasa, da rana gini da yamma karatu. Na tuna yadda kakanninmu ke kwaɓa ƙasa su mulmula tubali, na sake duban katin da wani ido.

Ta juya nawa ta ga ajami, ta roƙe ni in karanta mata. Na karanta inda Attahiru ke cewa sanyin nan ba irin namu ba ne, a gaida Inna, a ce mata yana cin abinci. Sannan ta gaya mana gobara ce ta ci ginin agogo tun da daɗewa, aka rushe sauran, wurin ajiye motoci ne yanzu. Maƙabartar tana nan a gangare bayan filin wasa. Amma ta ce kafin mu je mu ga wata tsohuwa da ake kira Mama Odesa, wadda ta daɗe tana jagorantar masu sharar kaburbura, don a nan duk shekara tsofaffin ɗalibai kan taru su gyara maƙabarta su kira sunan kowane mamaci. Ta buga mata waya. Da ta faɗi sunan Attahiru, na ji muryar tsohuwar daga inda nake zaune.

Gidanta ƙarami ne a gefen gari, da 'yar rumfa a gaba. Ta fito da sanda, 'yar siririya, gashi fari fat. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Kai ɗan Mode ne. Goshin nan nasa ne. Ina fatan ba ka ɗauko taurin kan ba."

Ba ta yarda an yi magana ba sai da muka ci abinci. Ta kawo ganyen nan da wake, na dubi Luba. Tsohuwar ta gani, ta ce in ci, da naman talo-talo ta dafa. Ta ce su Attahiru sun yi watanni a kan burodi da ƙwai kafin ita da ƙawayenta su gane dalili, suka fara ware musu tukunya. Na ci har na ƙara, abincin farko ke nan da ya zauna mini a ƙasar.

Ita ɗalibar jinya ce a lokacin, a ƙaramin asibitin makarantar, wanda shi kaɗai ke kwantar da baƙar fata a yankin. Ita ta yi jinyar Attahiru. Ta ce mai yawan dariya ne, yana koya musu gaisuwar Hausa ko da numfashi na yi masa wuya. Da ya cika, Baba ya ce ba mai taɓa shi. Shi kaɗai ya yi masa wanka, ya yanka sababbin zannuwan gado ya yi likkafani. Ya je ya tsaya kan masu haƙa sai da suka juya kabarin ya gitta. Ya yi masa salla da wasu ɗalibai Musulmi biyu daga wata ƙasar, sauran 'yan makaranta suna tsaye a baya cikin sanyi, sun cire huluna. Duk wannan sun yi masa yadda ya so, ba wanda ya ce don me.

Inda aka saɓa shi ne dutse. Ɗalibai sun haɗa hannu za su sa a sassaƙa dutse da sunansa, suka zo suka gaya wa Baba suna zaton zai ji daɗi. Baba ya ce a'a. Ya ce a garinsu ba a gina kabari, ba a rubuta suna, sarki da talaka ƙasa ɗaya ce ke rufe su, Allah ya san kowa. Suka roƙe shi, ya ƙi. Ya karyo reshe ya kafa, ya ce wannan ya isa. Na san muryar da ya faɗi haka, don da ita aka rene ni.

Mama Odesa ta ajiye cokalinta. "Ya faɗi gaskiyarsa," ta ce, "amma bai san da wa yake magana ba. Uwar kakata tana kwance a wata gonar auduga, ba mu san wacce ba. An rufe ta kamar yadda ake rufe dabba, ba suna ba alama, ba don tawali'u ba, don ba a ɗauke ta mutum ba. Mu a wurinmu kabari marar suna shi ne wannan. Ba mu buga bulon makarantar nan don mu sake sa wani namu a ƙasa haka ba."

Ta tambaye ni ko a garinmu ana tuna waɗanda aka sayar. Na ce ba sosai ba. Gaskiyar ke nan, mu ma muna da namu labarin bayi wanda ba mu cika son a tayar ba, kuma a gaban matar nan na ji nauyinsa.

Ta ce sun bar reshen muddin Baba yana nan, don ba sa son su ƙara masa ciwo. Da ya gama ya tafi, suka kafa katako da suna. Da gobara ta ci ginin agogo, ita da mijinta suka kwaso bulo daga ɓaraguzan a bayan mota, suka kewaye kabarin, suka sa ɗan dutse.

Tare muka je. Luba ta tsaya a bakin ƙofa yadda matanmu ke yi, tsohuwar kuwa ta shige gaba da sandarta kamar mai shiga tsakar gidanta, tana gaya mini wane ne wannan, wace ce waccan. Malamai ne da ɗalibai da magina, wasu an rubuta a dutsensu cewa cikin bauta aka haife su. Duk sun jeru fuska ɗaya. Can ƙarshe, inda ƙasa ta gangara, ga guda ɗaya ya gitta. Jan bulo ne aka jera daidai da ƙasa, ba a ɗaga shi ba, da ɗan dutse shimfiɗe da bai fi allon yaro ba. An rubuta Attahiru, an rubuta Sakkwato da irin rubutunsu, an rubuta ɗalibi. Babu ciyawa ko ɗaya a kai.

Na tsaya ta wajen fuskarsa na yi sallama irin ta masu ziyara, na yi masa addu'a. Sannan na isar da saƙo. Na ce Baffa, ni ne Bello ɗan Mode, ba ka san ni ba. Baba yana gaishe ka, ya tsufa, bai manta ka ba. Inna ta riga mu. Ban san mutumin nan ba, ban taɓa jin muryarsa ba, amma na yi kuka a wurin nan irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Tsohuwar ta koma gefe ta ba ni wuri.

Da muka mayar da ita gida ta sa Luba ta ɗauko wani rabin bulo daga gefen rumfarta, cikin ragowar waɗanda suka kwaso. Ta nuna mini wani ɗan rami a jikinsa, sawun babban yatsan wanda ya buga shi tun yana ɗanye. Ta ce in kai wa Baba. "Ka gaya masa mun saɓa masa," ta ce. "Ba gafara nake nema ba. Ina dai so ya sani kafin ɗayanmu ya tafi."

Wannan saƙon ne ya hana ni sakewa har na baro ƙasar. Baba mutum ne da ya taɓa hana a sa ko da langa-langa mai lamba a kabarin yayansa. In na gaya masa, zan gaya masa cewa amanar da ya rufe da hannunsa an sake mata fasali bayan ya juya baya, shekara da shekaru bai sani ba. Na yi tunanin in ce na gane kabarin da gittawarsa kawai, in yi shiru da sauran. A Abuja jami'in kwastan ya ɗaga rabin bulon yana dariya, ya ce mutane na dawowa da talabijin, Alhaji ya dawo da ginin da bai gama ba. Na yi masa murmushi, hankalina yana Ƙofar Rini.

Da hantsi na same shi a zaure kan buzunsa. Bayan gaisuwa bai tambaye ni hanya ba, bai tambayi jaririya ba.

"Ka ishe shi?"

Na ce na same shi, na yi masa sallama, na isar da saƙo. Ya sauke numfashi, ya yi hamdala a hankali. Sai ya tambaye ni ginin agogo. Na ce ya ƙone tun da daɗewa, motoci ke tsayawa a wurin. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"To da mi kag gane shi?"

A nan dabarata ta ƙare, don ban taɓa iya yi wa Baba ƙarya ba ko da yana gani, balle yanzu da kunne yake kallo. Na gaya masa duka. Na faɗi katakon da bulon da dutsen, na faɗi sharar da ake yi duk shekara ana kiran sunansa, na faɗi maganar tsohuwar a kan uwar kakarta yadda ta faɗe ta, da saƙonta na ƙarshe ban rage komai ba. Sannan na sa masa rabin bulon a hannu.

Yana ta shafa bulon har yatsansa ya faɗa cikin ramin nan, ya tsaya a wurin. Ina jiran faɗa.

"Odesa," ya ce. "'Yar siririya mai hwaɗa. Tana nan da rai?"

Na ce tana nan, da faɗanta.

"Sun hwaɗa mani zancen kakanninsu a lokacin. Ban ji ba. Yaro nike, ga gawa gabana, abin da nis sani shi niy yi." Ya juya bulon a hannunsa. "Nic ce na bar ma Allah shi. Ashe Allah su yab ba ajiya."

Na tambaye shi ko in gaya mata ya yafe. Ya ce ba ta nemi yafiya ba, kada in kai mata abin da ba ta aiko a karɓo ba. In dai gaya mata Mode ya ji, kuma ya gode. Na tashi zan tafi, ya kira ni.

"Bello, ni in nit tahi kada ku rubuta komi bisa kaina. Ni gida nike, kun san hanya. Shi ko baƙo na."

Katunan sun koma cikin kwallar Inna Jumma. Bulon yana gefen buzunsa, ya hana a ɗauke ko don shara. Jiya na yi magariba a bayansa, na zauna ina jin yana jera mamatan gida kamar kullum. Ya zo kan Attahiru, ya ambace shi sau ɗaya kamar kowa, ya shafa.